Hoton MRI ga Mai Cutar Jijiyoyin Motsi: Sharhi kan Aikin Wata Cibiya a Kano

Cibiyar ɗaukar hoton da wannan sharhi ya shafa tana cikin birnin Kano, mai zaman kanta ce, kuma na bar sunanta domin akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa. Can muka kai yayana lokacin da likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya fara zargin cewa yana ɗauke da cutar mutuwar jijiyoyin motsi, wadda nau'inta mafi yawa ake kira ALS. Hoton farko da suka ɗauka mana ya cancanci kowane kwabo da muka biya, ma'aikatan ɗakin injin kuma sun san aikinsu, amma tayin da aka yi mana na riƙa dawowa a kai a kai domin a ga yadda cutar ke tafiya, tayi ne da aikin cibiyar ba zai iya cika shi ba. Wannan bambanci tsakanin hoto na farko da hotunan da ake so a biyo baya shi ne abin da na fi so iyalan da suka tsinci kansu a irin halinmu su gane.

Dole ne a fara sanin cutar kafin a iya auna amfanin hoton. Umarnin motsi yana tasowa ne daga wani sashe na saman ƙwaƙwalwa, inda jijiyoyin motsi na sama suke, ya sauko ta gindin ƙwaƙwalwa zuwa laka, inda jijiyoyin motsi na ƙasa ke karɓarsa su kai wa tsoka. A cutar ALS duka rukunin biyu ne ke mutuwa sannu a hankali. Mutuwar na sama tana kawo sandarewar gaɓoɓi da nauyin motsi, mutuwar na ƙasa kuma tana sa tsoka ta rame, ta riƙa harbawa a ƙarƙashin fata, ta rasa ƙarfi. Ta bambanta da shan inna, wanda ƙwayar cuta ke haddasawa ta lalata jijiyoyin ƙasa a lokaci guda sannan ta tsaya, ta kuma bambanta da shanyewar ɓarin jiki da ke faɗo wa mutum farat ɗaya. Ita wannan tana farawa ne daga wuri ɗaya, hannu ko ƙafa ko harshe, ta yi ta bazuwa ba tare da ta taɓa gani ko ji ko jin taɓi ba a mafi yawan marasa lafiya. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya bayyana ta a Paris tun a ƙarni na 19, kuma Farfesa Benjamin Osuntokun da abokan aikinsa a Ibadan sun wallafa bincike a kanta a tsakanin 'yan Najeriya a 1974, saboda haka ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, ƙarancin gano ta ne ya sa ake ganin kamar babu ita. Mafi yawan masu ita suna rayuwa shekara 2 zuwa 5 bayan bayyanar alamomi, kusan ɗaya cikin goma suna wuce shekara 10, masanin kimiyya Stephen Hawking kuwa, wanda aka gano masa ita a 1963 ya rayu har 2018, yana cikin 'yan ƙalilan da tasu ta yi tafiyar hawainiya.

Yayana tela ne, kuma almakashi ne ya fara gagarar hannunsa na dama. Naman da ke gindin babban yatsa ya lotsa, daga baya ƙafa ta fara ja, magana kuma ta yi nauyi. Likitan da ya duba shi ya rubuta gwaji biyu: gwajin lantarkin tsoka da jijiya da ake kira EMG, da hoton MRI na ƙwaƙwalwa da wuya, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu. Ya yi mana bayani cewa babu gwaji guda da ke tabbatar da wannan cuta, kuma ƙa'idojin da likitoci ke bi, tun daga na El Escorial na 1994 har zuwa na Gold Coast da aka wallafa a 2020, duk sun shar'anta a fara kawar da sauran cututtukan da ke kama da ita. A nan hoton ke da daraja. Ƙashin wuya da ya lalace ya danne laka yana iya sa hannu ya rame ƙafa ta sandare kamar yadda ALS ke yi, ƙari a gindin ƙwaƙwalwa ko a laka ma yana iya kawo makamancin haka, kuma waɗannan ana iya yi musu tiyata. Duk wanda aka ce masa yana da ALS ba tare da an duba wuyansa da ƙwaƙwalwarsa ba, akwai yiwuwar an rufe masa ƙofar magani.

Abin da ya sa muka zaɓi wannan cibiya shi ne ƙarfin injinta. Ana auna ƙarfin maganaɗisun MRI da ma'aunin tesla, kuma nasu mai tesla 1.5 ne, wanda shi ne gwargwadon da ake buƙata a ga laka da jijiyoyin ƙwaƙwalwa sarai. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya ƙidaya injinan MRI 58 kacal a faɗin Najeriya, mafi yawansu kuma masu ƙaramin ƙarfi ne. Ina kyautata zaton adadin ya ƙaru tun daga lokacin, amma har yanzu wajibi ne mai zuwa ɗaukar hoto ya tambayi ƙarfin injin kafin ya biya, kuma na yaba da cewa mai karɓar baƙi ta ba ni amsa kai tsaye ba tare da kwana-kwana ba. Irin wannan inji yana buƙatar iskar heliyom mai ruwa-ruwa da ke riƙe maganaɗisun a sanyin da ya kai kusan digiri 269 ƙasa da sifiri, don haka wuta ba ta da damar yankewa. An ɗauke wutar gari muna zaune a ɗakin jira, fitilu suka yi ƙyaf suka dawo, aikin da ake yi wa wanda ke gabanmu kuma bai tsaya ba. Wanda ya san halin wuta a Kano zai fahimci cewa wannan ba ƙaramin tanadi ba ne, kuma wani ɓangare na tsadar hoton daga nan yake.

Kuɗin ƙwaƙwalwa daban, na wuya daban, kuma idan aka haɗa su sun zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 nesa ba kusa ba. An rubuta farashin a fili a jikin allo, an ba mu rasit, ba a kuma cusa mana allurar gadoliniyom da ke ƙara hasken hoto ba tunda likita bai nema ba.

Binciken da suka yi kafin shiga ɗakin ya burge ni ƙwarai. Ma'aikacin ya zauna kusa da yayana, ya yi masa tambayoyin da Hausa ɗaya bayan ɗaya: ko an taɓa sa masa na'urar bugun zuciya, ko akwai ƙarfe a ƙashinsa, ko tartsatsin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, ko yana da haƙorin Makka ko na roba mai ƙarfe. Da ya ji sana'arsa ɗinki ce, sai ya ce, "Baba, a yi haƙuri a duba aljihu da bakin hula, teloli ba sa rabuwa da allura," kuma lallai an sami fil guda a jikin hular. Na ji yana gaya wa wata baiwar Allah ta goge kwallin idonta saboda yana iya ɓata hoto, kuma ma'aikaciya mace ce ta shiga da ita. Maganaɗisun ba ya kashewa ko da ba a ɗaukar hoto, yana iya fizgar ƙarfe da ƙarfin da zai raunata mutum, saboda haka tsananin da suke yi a ƙofar nan shi ne daidai.

Laifin cibiyar na farko ya bayyana ne bayan an wuce ƙofar. Keken guragu na yau da kullum ba ya shiga ɗakin MRI, cibiyar kuma ba ta da keken da maganaɗisu ba ya ja, don haka sai da muka tallabi yayana daga bakin ƙofa zuwa gadon injin. Hoton ƙwaƙwalwa da wuya yana cin abin da ya haura rabin sa'a, mutum yana kwance rigingine, kansa a cikin keji, ba motsi, ga ƙarar inji kamar za ta fasa kunne. Ga mai ALS wannan kwanciya jarrabawa ce ta musamman, domin idan tsokar numfashi da ke ƙarƙashin huhu ta fara rauni, kwanciya a miƙe ita ce ta fi toshe numfashi, idan kuma haɗiya ta yi wuya, yawu yana taruwa a maƙogwaro ya sa mutum ya ƙware. Babu na'urar zuƙe yawu a kusa, kuma ba wanda ya tambaye mu tun a waje ko yana iya kwanciya ba matashi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗan balan-balan ɗin roba da ake danƙa wa mara lafiya ya matsa idan yana neman agaji: an sa shi a hannun mutumin da ba ya iya riƙe almakashi. Da na nuna wa ma'aikacin, nan take ya gane, ya bincike ni kamar yadda ya bincike shi, ya ba ni abin toshe kunne, ya ce in tsaya a ƙarshen gadon in riƙe ƙafarsa, idan ya motsa yatsa in ɗaga hannu. Ya kuma riƙa tsayawa tsakanin zango da zango yana cewa ta lasifika, "Baba, haɗiye yawu yanzu, sai mu ci gaba." Wannan kirkin mutum ɗaya ne, ba tsarin cibiya ba, kuma iyalin da ba su lura da abin da na lura da shi ba za su iya barin mara lafiyarsu a cikin injin ba shi da hanyar kiran kowa.

Sakamakon ya fito washegari, takarda ɗaya da Turanci tare da faifan CD. Ma'anar abin da aka rubuta ita ce ba a ga wata matsala a ƙwaƙwalwa ba, a wuya kuma akwai ɗan tsufan ƙashi da bai danne laka ba. Ta fuskar likitanci rahoton daidai ne, amma yadda ya sauka a gidanmu ya zama wani abu daban. Wasu suka yi hamdala suna cewa inji ya wanke shi, wasu kuma suka ce tunda asibiti bai ga komai ba alhali mutum yana ƙarewa a gaban ido, to lamarin sammu ne ko jifa, aka fara maganar masu magani. Sai da muka koma wurin likita na ce masa, "Ranka ya daɗe, an ce hoto lafiya lau, mene ne ke cin sa?" sannan ya warware mana cewa hoto mai tsabta a wannan hali ba albishir ba ne, domin ya kawar da abubuwan da ake iya yi wa tiyata ne, ya bar zargin farko a tsaye tare da abin da EMG ya nuna. A wasu masu ALS ana ganin ɗan haske a kan hanyar jijiyoyin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa, ko wani siririn baƙin layi a sashen motsi sakamakon taruwar sinadarin ƙarfe, amma ba kowa ke nuna su ba, hasken kuma ana samunsa a wasu masu lafiya. Likitan da ya tura mu ya rubuta abin da yake zargi a takardar neman hoto, don haka jimla guda a ƙarshen rahoton, mai cewa rashin ganin matsala bai kore wannan cuta ba, da ta hana ruɗani mai yawa. Rashin wannan jimla shi ne laifi na biyu da nake ɗora wa cibiyar.

Na uku ya fi nauyi. Ranar karɓar sakamako an ba mu shawara a teburin karɓar baƙi cewa masu irin wannan ciwo gara su riƙa maimaita hoton duk bayan wata shida domin a bi diddigin cutar, kuma akwai rangwame ga wanda ya yi rajista. Ban ɗauka da mugun nufi aka faɗa ba, domin ga mai ƙari a ƙwaƙwalwa shawarar gaskiya ce, amma ga ALS tana bukatar a tsaya a duba.

Gaskiya ne masana suna ganin tafiyar wannan cuta ta hoton ƙwaƙwalwa, sai dai ba da irin hoton da ake sayarwa a cibiyoyinmu ba. Hanyar da ta fi shahara ita ce wadda ake kira DTI, wadda ke auna yadda ƙwayoyin ruwa ke motsi a cikin jijiyoyi. A jijiya mai lafiya ruwa yana bin tsawonta ne kamar yadda yake bin cikin karan dawa, idan kuma ta lalace sai ya riƙa watsuwa ta kowane gefe, kwamfuta kuma ta mayar da wannan bambanci zuwa lamba. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna lambar tana raguwa a hanyar jijiyoyin motsi da kuma gadar da ta haɗa ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu. Akwai kuma auna kaurin ɓawon ƙwaƙwalwa a sashen motsi, wanda ke sirancewa. A 2013 Johannes Brettschneider da Heiko Braak da abokan aikinsu, bayan nazarin ƙwaƙwalen waɗanda suka rasu da cutar, suka bayyana cewa gurɓataccen furotin mai suna TDP-43, wanda ake samu a kusan duk masu ALS, yana bazuwa a matakai huɗu: daga sashen motsi da laka, zuwa sassan gaba da na gindin ƙwaƙwalwa, zuwa ƙulle-ƙullen da ke can ciki, har ya isa sashen da ke adana abubuwan da mutum ke tunawa. A 2014 ƙungiyar Jan Kassubek a jami'ar Ulm ta Jamus ta nuna cewa ana iya bin sawun waɗannan matakai da DTI a jikin masu rai. Tun a 2010 masu wannan bincike suka fara taruwa a Oxford domin daidaita hanyoyinsu da haɗa hotunansu wuri guda.

Duk da wannan ci gaba, sakamakon yana fitowa fili ne idan an haɗa hotunan mutane da yawa an kwatanta da na masu lafiya, ba a kan mutum ɗaya ba. Ana buƙatar inji ɗaya da saiti ɗaya a kowane zuwa, da manhajar lissafi, da ƙwararren da zai sarrafa ta, kuma ko a manyan cibiyoyin Turai abin yana matsayin bincike ne, bai zama ma'aunin da likita ke yanke hukunci da shi a kan mara lafiya ba. Su kansu masu binciken suna fama da matsalar da muka gani da idonmu, wato waɗanda cutar ta fi yi wa sauri su ne ke fara kasa kwanciya a cikin injin, sai hotunan baya su zama na masu sauƙin ciwo kaɗai. Na koma na tambayi ma'aikacin da ya taimake mu ko suna yin irin wannan awo, ya ce mini a fili ba sa yi, abin da ake yi shi ne likitan hoto ya ɗora sabo kusa da tsoho ya duba da ido. Ido kuwa ba zai ga bambanci ba ko da mutum ya tashi daga dogara sanda ya koma keke, domin jijiyoyin motsi na ƙasa da ke mutuwa a cikin laka sun yi ƙanƙantar da wannan hoto ba ya kama su. Na yaba da gaskiyarsa, amma ta ci karo da abin da ake faɗa a teburin gaba.

Tafiyar cutar ana auna ta ne da abubuwan da suka fi MRI arha nesa ba kusa ba. Akwai jerin tambayoyi 12 da ake kira ALSFRS-R, kowace da maki 0 zuwa 4, jimla 48, waɗanda suka shafi magana, yawu, haɗiya, rubutu, cin abinci, sa tufafi, juyi a gado, tafiya, hawa bene da numfashi, kuma saurin zubar makin daga wata zuwa wata yana gaya wa likita abin da hoto ba zai gaya masa ba. Akwai sikelin awon nauyi, domin rama alama ce mai muhimmanci. Akwai gwajin hura iska da ke auna ƙarfin huhu, wanda shi ke nuna lokacin da ya kamata a fara amfani da na'urar taimakon numfashi ta fuska, kuma binciken da aka yi a Newcastle ta Ingila aka wallafa a 2006 ya nuna wannan na'ura ta ƙara kimanin wata bakwai ga waɗanda haɗiyarsu da maganarsu ba su lalace sosai ba. Maganin riluzole, wanda Amurka ta amince da shi a 1995, yana ƙara 'yan watanni, yana da tsada, yana kuma buƙatar a riƙa gwada hanta. A ɓangaren bincike ma, ma'aunin da ya fi samun karɓuwa a 'yan shekarun nan na jini ne, wato furotin ɗin da jijiya ke zubarwa idan tana mutuwa, kuma raguwarsa ce ta sa aka amince da maganin tofersen a Amurka a 2023 ga 'yan ƙalilan da tasu ta samo asali daga gadon lahani a wata ƙwayar halitta da ake kira SOD1. Iyalin da ke tara kuɗi da ƙyar, idan suka zuba shi a hoton da ba zai canza komai ba, sun rage abin da za su biya mai gashin ƙashi da motsa jiki, da abinci mai gina jiki, da bututun ciyarwa idan lokacinsa ya yi, da batirin da zai riƙe na'urar numfashi cikin dare. Ga kuma wahalar da za a sake jefa mara lafiya a ciki, a daidai lokacin da kwanciya rigingine ta fi zama haɗari gare shi.

Akwai lokutan da sake hoton ke da dalili, kuma likita ne zai faɗa: idan wata alama ta ɓullo da ba ta dace da ALS ba, kamar mutuwar jin taɓi daga wani wuri zuwa ƙasa ko kasa riƙe fitsari tun da wuri, ko mutum ya faɗi ya bugi kai, ko kuma halayyarsa ta canza ƙwarai. Wannan na ƙarshe ba abin mamaki ba ne, domin kusan rabin masu cutar suna samun wani sauyi a tunani ko ɗabi'a, kimanin kashi 15 cikin ɗari kuma yana kai su ga ciwon da ke cinye sassan gaba da gefen ƙwaƙwalwa, wanda shi hoton MRI na yau da kullum yana iya nuna shi. Idan irin haka ta taso wa yayana, wannan cibiya zan koma, saboda ingancin injinta da kulawar ma'aikatan ɗakin.

Wanda zai kai mara lafiyarsa can ya nemi lokacin safe kafin gajiya ta sauko masa, ya gaya musu tun a waya cewa yana da matsalar haɗiya ko numfashi, ya gwada a gida ko zai iya kwanciya ba matashi na tsawon rabin sa'a, ya kuma nemi izinin shiga ɗakin tare da shi. Faifan da suke bayarwa yana ɗauke da cikakkun hotunan tare da manhajar buɗe su, ya buɗe a kwamfutar likitanmu ba tare da matsala ba, kuma da shi muka nemi ra'ayin wani likita na biyu a wani gari ba tare da an sake ɗaga yayana daga gida ba. A tabbata an karɓe shi a ranar karɓar sakamako, a kuma kwafe shi a wani wuri, domin sun shaida mana cewa ba sa ajiye hotuna a rumbunsu na tsawon lokaci.